Gidan Dara: Tarihin Fasalin Allon Wasa a Ƙasar Funtuwa da Malumfashi

A da, wanda ya bi hanyar mota daga Zariya zuwa Katsina da rani, sa'ad da aka gama ɗibar auduga aka kai dawa rumbu, in ya ratsa ta Funtuwa da Bakori da Malumfashi ba ya rasa ganin magidanta a gindin tsamiya ko a ƙofar zaure, biyu sun sunkuyar da kai ƙasa, sauran sun kewaye su. Dara suke yi. Har yanzu akan tarar da su jefi-jefi, amma ba kamar da ba. Masu rubuta tarihin ƙasar Katsina sun yi ta bin labarin sarauta da haraji da fatauci, masu nazarin al'ada kuma sun tattara tatsuniya da karin magana, amma ƙalilan ne suka tsaya a kan allon da ake wasa bisansa, watau yadda ake fasalta shi, da abin da ido ke gani a kansa, da hannun da ya zana shi. Dalili kuwa a fili yake: allon dara rami ne a ƙasa, in aka tashi iska ta share shi, ba ya barin abin da za a ajiye a gidan tarihi. Nufin wannan takarda shi ne a bi sawun allon nan tun daga ramin ƙasa har zuwa takarda da gilashi, a ga abin da kowane zamani ya ƙara da abin da ya zubar, domin malaman da ke horar da malamai su san abin da ke hannunsu tun bai kuɓuce ba.

Ƙasar da mutanenta

Kudancin Katsina ƙasa ce mai laka da ruwan sama fiye da arewacinta, tun kafin jihadi kuwa an san ta da noman auduga da saƙa da rini. Maska, wadda ke kusa da Funtuwa, tsohon gari ne da ya yi suna wajen masaƙa da marina, kuma Yusufu Bala Usman ya nuna matsayinta da na maƙwabtanta irin su Gozaki cikin littafinsa na tarihin Katsina wanda aka buga a 1981. Malumfashi ita ce mazaunin Galadiman Katsina. Funtuwa kuwa ta girma ne cikin zamanin Turawa, aka maido da mazaunin Sarkin Maska cikinta.

Abin da ya sa wannan ya shafi dara shi ne tsarin shekarar manomi. Daga saukar damina har kaka ba mai sukunin zama. Auduga ita ce ta ƙarshen shiga gida, don akan kai cikin hunturu ana ɗibarta, sa'an nan a kai ta kasuwa a auna a karɓi kuɗi. Daga nan sai rani ya shigo da tsawon yini, wanda bai tafi cin rani ba kuma ba shi da fadama, ya sami lokacin zama. Masaƙi da maɗinki da wanzami su ma sana'arsu ta zaune ce a inuwa, inda mutane ke taruwa. A irin waɗannan wurare dara ta zauna.

Allon da ake haƙawa a ƙasa

Sunan dara ya haɗa wasa iri biyu a bakin Hausawa. Akwai mai gida 12, layi biyu shida-shida, wadda ake zuba 'ya'ya huɗu a kowane gida, jimla 48, ana kwasa ana rabawa. Ita ce Yarabawa ke kira ayo. Akwai kuma mai gida 30, wadda manya suka fi ɗauka da girma, ita ce kuma abin magana a nan. Ana haƙa ramuka layi biyar, kowane layi shida. Kowane ɗan wasa yana da 'ya'ya 12. Da farko sai su yi ta dasawa bi da bi, ɗaya-ɗaya, ba a yarda kowa ya jera uku a lokacin dasawa ba. In an gama sai a shiga tafiya, ɗa ya gusa gida guda, gaba ko baya ko gefe, ban da karkace. Wanda ya jera uku a miƙe ya ci, sai ya cire ɗa guda na abokin karawarsa. Jeri huɗu ba ci ba ne. Wanda 'ya'yansa suka ƙare har ba ya iya jera uku, an cinye shi. Gwani shi ne mai iya kafa doki, watau ya shirya 'ya'yansa yadda ɗa guda zai riƙa kai da kawowa tsakanin gida biyu, kowace tafiya ci ce. Ƙananan ƙa'idodi sukan bambanta daga gari zuwa gari, amma ginshiƙin ke nan.

In aka duba lissafin allon nan za a ga ba da ka aka yi shi ba. Gida 30 ne, 'ya'ya 24, saura gida 6 a buɗe, watau kashi ɗaya cikin biyar na allon. Da gidajen banza sun fi haka yawa, da jera uku ya yi sauƙi har wasan ya rasa daɗi. Da sun kasa haka, da an cushe ba hanyar motsi. Cikin gidajen 30, huɗu na kusurwa maƙwabta biyu-biyu gare su, 14 na gefe suna da uku-uku, 12 na tsakiya suna da huɗu-huɗu, shi ya sa gwanaye ke rububin tsakiya tun wajen dasawa. Wuraren da za a iya jera uku kuwa 38 ne, 20 ta tsawo, 18 ta faɗi. Da yake tsawo da faɗi ba daidai suke ba, wanda ya zauna ta gefe guda ba abin da yake gani ke nan da wanda ya zauna ta ɗaya gefen ba, wannan kuma yana cikin abin da ke hana wasan zama maimaici.

Sai maganar 'ya'ya, nan kuwa ainihin hikimar zanen take. Ɗan wasa guda yakan ɗauki guntayen kara ko tsinke ya soka a tsaye, ɗayan ya ɗauki tsakuwa ko ƙwallon aduwa ko na dabino ya ajiye a kwance. A arewa wajen Maraɗi da Damagaram, inda rairayi ya fi yawa, har da kashin raƙumi busasshe ake yi. Bambancin 'ya'yan ɓangare biyu ke nan a siffa da tsayi, launi bai shigo ciki ba. Amfanin wannan kuwa yana da yawa. Tsoho mai raunin ido yana rarrabe su, ana rarrabe su da almuru sa'ad da launi ya dushe, ɗan kallo da ke tsaye a baya yana karanta wasan sarai, ƙura kuma ba ta ɓata su. Ramin shi ma yana riƙe ɗa kada iska ko gefen riga ya ture shi. In ɗa ya ɓace, sai a miƙa hannu a karyo wani. Allo ne wanda ba a saye, ba a ɗauka, ba kuma wanda zai ce nasa ne ya naɗe ya tafi da shi don an cinye shi.

Gidan dara a tufa da takarda

Ko da yake allon kansa ba ya daɗewa, siffarsa ta zauna a harshe. Bahaushe in ya ga zane mai layuka sun gitta juna sun fid da murabba'ai, sai ya ce gidan dara ne, ko a tufa ko a takarda. In kuma makirci ya komo kan mai shi ko danginsa, sai a ce dara ta ci gida. Kalmar tana cikin ƙamus ɗin Bargery na 1934. Wannan ya nuna mutanen da suka saba da saƙa, inda zaren tsaye da na kwance ke gittawa su ba da ƙananan gidaje kamar na saƙi, ido ɗaya suke duban tufa da allon wasa da shi.

Wajen malamai ma akwai gidaje irin waɗannan, watau hatimi. Muhammadu ɗan Muhammadu Alfulani Alkatsinawi, wanda ya tafi hajji ya zauna a Masar, ya rubuta littafi da Larabci a 1732 a kan yadda ake cika murabba'i mai gidaje mara da lambobi, har kowane layi ya ba da jimla ɗaya. Mafi ƙanƙanta shi ne mai gida tara, wanda kowane layinsa ke ba da 15. Ya rasu a Alƙahira a 1741, a gidan Hasan Aljabarti, mahaifin shahararren marubucin tarihin Masar. Hatimi da dara aikinsu daban, amma dukansu tunani ne a kan matsayin abu cikin gidaje da dangantakarsa da maƙwabtansa, kuma ƙasar Katsina ta san su duka biyu tun kafin takardar Turawa ta iso.

Game da launi kuwa, marubutan Alƙur'ani na ƙasar Hausa suna da tsari tabbatacce. Baƙaƙe da baƙar tawada ake rubuta su, wasula da ja, hamza da ɗigon rawaya, alifin sadarwa kuma da ɗigon kore. Kowane launi da aikinsa, ba a sa shi don ƙawa kurum. Ƙawa tana da nata wuri, watau zayyana, wadda ake yi a farkon rubu'i ko a allon mai sauka, da layuka da kusurwoyi da dagi, ba siffar mai rai. Maɗinkan riga su ma suna da aska biyu da aska takwas da tambari, magina kuma suna da zanen da suke yi a fuskar zaure. David Heathcote, wanda ya koyar a Zariya, ya tattara irin waɗannan ayyuka aka nuna su a London a 1976. Abin lura shi ne duk wannan gwaninta ba a kai ta kan allon dara ba. Yarabawa sun sassaƙa allon ayo da katako har da siffofin mutane, Bahaushe kuwa ya bar nasa a ƙasa. Ɗaya daga cikin dalilai shi ne matsayin wasa a idon malamai. Risala ta Ibn Abi Zaidi, wadda ake karantawa a zaurukan ƙasar nan, ta hana wasan nardi da shaɗaranji. Dara ba ta da ƙwayar jefawa irin ta nardi, amma malamai sun yi ta faɗa a kan wanda ta shagaltar har salla ta wuce shi, ko wanda ya sa kuɗi ta zama caca. Abin da ake yi ana ɗan jin nauyi, ba a kashe masa kuɗin masassaƙi.

Zuwan jirgi da allon kanti

Kamfanin auduga na Ingila da ake kira B.C.G.A., wanda aka kafa a Manchester a 1902, ya kafa injin gurzar auduga a Funtuwa da Malumfashi, aka kuma buɗe gonar irin auduga a Daudawa cikin shekarun 1920. Hanyar jirgin ƙasa da ta tashi daga Zariya ta bi ta Funtuwa da Gusau, ta kai Ƙauran Namoda a 1929. Jirgi ya kawo akawuna da ma'aikatan reluwe da 'yan kasuwa daga Kudu, kantuna suka buɗe, kuɗin auduga ya shiga hannun talakawa. Tare da waɗannan baƙi da kantunansu wasannin da aka buga a takarda suka yaɗu a garuruwan bakin hanyar jirgi: karta, da diraf, da ludo wanda mutane ke kira lido.

Kowannensu da tarihinsa. Ludo asalinsa wasan Indiya ne mai suna pachisi, wanda ake yi a kan ƙyalle mai siffar gicciye, ana jefa wuri. Turawan Ingila suka rage shi, suka sa ƙwaya mai fuska shida a madadin wuri, suka yi masa rajista cikin shekarun 1890. Allonsa yana da gida 52 a kewaye, da 'ya'ya 16, huɗu-huɗu, da launi huɗu: ja, da kore, da shuɗi, da ruwan ɗorawa. Wasan maciji da tsani shi ma daga Indiya ya bi ta Ingila ya iso makarantu. Diraf da ake yi a Nijeriya mai gida 100 ne, ana wasa a kan 50, kowane ɓangare da 'ya'ya 20, saura gida 10 a buɗe, watau kashi ɗaya cikin biyar, daidai da dara. Kartar Whot kuwa an ƙago ta a Ingila a 1935, ta zo ta sami gindin zama a Nijeriya fiye da ƙasar da aka haife ta. Alamominta siffofi ne guda biyar, da'ira da alwatika da gicciye da murabba'i da tauraro, wanda bai iya karatu ba ma yana gane su.

Ludo ya kawo abubuwa uku da dara ba ta san su ba. Na farko, 'ya'yansa duka siffarsu ɗaya, launi kaɗai ke raba su, saboda haka in haske ya yi ƙaranci, ko ɗan wasa yana cikin mazan da ba su rarrabe ja da kore sosai, sai rikici. Na biyu, allon ya zama kaya, mai shi ke da iko da shi. Na uku, sa'a ta shigo, don sai ƙwaya ta ba da shida ɗa ke fita gida. Wannan ya sa yaro na iya cinye babba, mace na iya yi a cikin gida da 'ya'yanta, abin da dara mai gida 30 ba ta cika bayarwa ba, tun da yake wasan maza ne a waje. Da haka ludo ya shiga inda dara ba ta taɓa shiga ba. Amma ƙwayar nan ita ce ta kusantar da shi ga nardi, shi ya sa malamai da yawa suka fi tsananta masa.

Zariya da masu zane

Mil hamsin ko ƙasa da haka ke tsakanin Funtuwa da Zariya, a Zariya kuwa aka kafa aikin ɗab'in Hausa. Ofishin fassara da aka buɗe a 1929 ya koma can, ya zama ofishin talifi a hannun Dokta Rupert East. A nan aka daidaita baƙaƙe masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ, aka sa aka zubo su da ƙarfe don injin bugawa. Magana Jari Ce ta Abubakar Imam ta fito daga 1937 da hotunan zane a cikinta, Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita a Janairu 1939, aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945. Cikin shekarun 1950, lokacin Yaƙi da Jahilci, hukumar NORLA ta buga ƙananan littattafai da jaridun larduna, Lardin Katsina ya sami tasa mai suna Himma. Manomin Bakori ko Ɗanja da ya shiga ajin manya, a waɗannan takardu ya fara sabawa da hoto da rubutu a shafi guda.

Sashen koyar da zane na kwalejin kimiyya da fasaha ya taso daga Ibadan ya dawo Zariya a 1955, a 1958 kuma ɗalibansa, irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiyarsu, da nufin a haɗa dabarun Turai da zanen gargajiya na ƙasa. Kwalejin ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. A wannan zamani ne kuma Gwamnatin Jihar Arewa ta ɗauki dagi ya zama tambarinta. Ga maɗaba'a, ga masu zane, ga kuma kasuwa a maƙwabtaka, amma ƙarfin aikin ya tafi ga littattafan karatu da jarida da takardun gargaɗi kan lafiya da noma. Dara ta ci gaba da zama a ƙasa.

Wani abin mamaki shi ne a waje aka fara ba ta allo. H. J. R. Murray ya buga littafinsa na tarihin wasannin allo a 1952, R. C. Bell kuma ya buga nasa a 1960, inda ya bayyana dara ya danganta ta ga Dakarkari na ƙasar Zuru. Daga littattafai irin waɗannan ta shiga littattafan yara da na malaman lissafi a Turai da Amurka, aka zana ta da murabba'ai, aka ba ta 'ya'ya farare da baƙaƙe irin na diraf. Kara da tsakuwa suka faɗi a hanya, sunan Hausawa ma sau da yawa bai biyo ta ba.

Zamanin gilashi da waya

Allon ludo na kwali ba ya jure wa zufa da ƙurar hunturu, saboda haka masu sana'a a Nijeriya suka sake masa jiki. Akan manna takardar a katako, a rufe ta da gilashi, a kewaye da firam. Gilashi yana kare launi, ƙwaya kuma tana gangarawa a kansa da ƙara mai daɗin ji. Manyan murabba'ai huɗu na kusurwa, inda 'ya'ya ke jira, su suka zama filin mai zane, aka riƙa cika su da hotunan 'yan ƙwallo da mawaƙa da 'yan fim. Bayan fitowar finafinan Hausa na bidiyo daga 1990, da yaɗuwar kwamfuta a shagunan ɗab'i, sauya hoton ya zama aikin minti kaɗan. Allon diraf kuwa kafinta ke yinsa, mai fentin alamar shago ya ja masa layi, in 'ya'ya sun ɓace a cike da marfin kwalba, wani a kife wani a buɗe. Nan dabarar dara ta komo ta bayan gida, don siffa ce ta sake raba ɓangare biyu.

A wasu sassan Nijeriya an mai da zanen allon wasa sana'a sosai. A Disamba 2012 kamfanin Bestman Games ya fito da Monopoly na birnin Ikko, wanda aka sa unguwannin birnin a gidajensa. A 2015 Wellington Jighere ya zama ɗan Afirka na farko da ya ci gasar Scrabble ta duniya. A Abuja kuma kamfanin NIBCARD, wanda Kenechukwu Ogbuagu ya kafa, yana ƙago wasanni yana buga su a cikin gida, har ya sami lambar yabo ta Diana Jones a 2021. A ɗaya gefen, wayar hannu ta haɗiye allon gaba ɗaya: Ludo King, wanda wani kamfanin Indiya ya fitar a 2016, ya sa samari huɗu na iya kewaye waya guda ba katako ba gilashi.

Kudancin Katsina kuma ya gamu da abin da ya fi waya tsanani. Hare-haren 'yan bindiga a yankunan Faskari da Sabuwa da Ɗandume da Ƙanƙara, inda aka sace ɗalibai fiye da 300 a Disamba 2020, sun tashi ƙauyuka da dama, mutanensu suka kwararo Funtuwa da sauran manyan garuruwa. Wasan da ba a rubuce yake ba, a zaman gindin itace yake rayuwa, yaro na tsaye yana kallo har ya iya. In zaman ya watse, ƙa'idodin garin da sunayen dabarunsa sukan tafi tare da tsofaffin da suka san su.

Abin da ya rage ga malamai

Tun daga Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922, horon malamai a Arewa bai rabu da koya wa ɗalibi ya yi kayan koyarwa da hannunsa ba. Kwalejojin ilmi na yau, irin su ta tarayya da ke Katsina da ta Isa Kaita da ke Dutsin-ma, su suka gaji wannan aiki, kuma ɗalibansu daga garuruwan nan suke fitowa. Aiki na farko shi ne rubutawa. Kowane ɗalibi in ya je hutu ya zauna da masu dara na garinsu, ya rubuta yawan gidaje, da abin da ake yin 'ya'ya da shi, da ƙa'idar dasawa, da hukuncin jeri huɗu, da ko ana cire ɗa daga cikin jerin da ya riga ya ci, da sunan kowace dabara yadda suke faɗinta, ya sa sunan gari da shekara. In aka tara na Maska da na Bakori da na Ƙafur da na Malumfashi, za a ga inda suka haɗu da inda suka rabu.

Aiki na biyu shi ne na mai zane, tarihin da aka bi a sama kuwa ya ba shi ma'auni. 'Ya'yan ɓangare biyu su bambanta a siffa, dogo da gajere, ko da an ƙara musu launi. Gida ya zama rami ko mai ɗan zurfi, don ya riƙe ɗa. Filin wasa a bar shi sarari, ado ya tsaya a gefe kamar yadda mai zayyana ke kewaye rubutu ba ya hawa kansa. Dagi da aska da gidan saƙi sun isa, ba sai an nemi hoton mai rai wanda zai hana allon shiga wasu gidaje da makarantu ba. Launi in an sa shi ya zama da aiki, misali a bambanta gidaje 12 na tsakiya don mai koyo. Girman allon ya isa 'yan kallo su gani daga tsaye, don dara ba ta mutum biyu kaɗai ba ce. Rubutun ƙa'ida ya zama da Hausa, boko da ajami, da baƙaƙe masu ƙugiya daidai. Kafin a kai shi maɗaba'a kuma, a fara yinsa da kwali a kai wa tsofaffin 'yan dara su yi wasa a kansa yini guda. In suka ture shi gefe suka koma haƙa rami, mai zane ya tambaye su dalili, ya koma ya gyara.